Sayen Tsohon Gidan Haya: Ƙa'idojin Tsara Birane da Kariyar Gobara da Ya Kamata a Sani

A manyan biranen Najeriya, masu neman zuba jari kan karkata ga tsofaffin gidajen haya masu ɗakuna da sassa da yawa, saboda suna tsakiyar gari kuma akwai 'yan haya a ciki. Sai dai daga ranar da aka kammala ciniki, duk wata saɓa wa doka da ke tattare da ginin takan koma kan wuyan sabon mai gida, ko da ba shi ya aikata ta ba.

Takardar fili daban, izinin gini daban

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma ta tanadi cewa sai da amincewarsa ake mayar da haƙƙin mallakar da ya bayar ga wani. Takardar shaidar mallaka, wadda galibi wa'adinta shekara 99 ne, tana bayyana abin da aka ware filin dominsa: zama, kasuwanci ko masana'anta. Ba ta tabbatar da cewa ginin da ke kan filin halastacce ne ba.

Wannan hurumin hukumomin tsara birane ne, a ƙarƙashin Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 da dokokin jihohi. A Abuja akwai Sashen Kula da Gine-gine, a Legas akwai LASPPPA mai ba da izini da LASBCA mai sa ido, a Kano KNUPDA, a Kaduna kuma KASUPDA.

Saboda haka mai saye ya nemi zanen ginin da hukuma ta sa wa hatimi, ya tabbatar da sahihancinsa a ofishin da ya bayar, sannan ya kwatanta shi da abin da ke tsaye a ƙasa. A nan ake gano benen da aka ɗora daga baya, shagunan da aka fitar a bakin titi, da ɗakunan da aka cusa a tsakar gida. Hukuma na da ikon rufe irin wannan gini ko rushe ƙarin da aka yi, kuma kuɗin hayar da mai saye ya lissafa daga waɗannan ɗakuna sai ya bi ruwa.

Haɗarin ya wuce asarar dukiya. A ranar 13 ga Maris, 2019, wani bene mai hawa uku ya rushe a unguwar Ita Faji da ke Tsibirin Legas, inda kimanin mutum 20 suka rasu, ciki har da yara. Gidan zama ne, amma an buɗe makaranta a samansa.

Inda gobara ke samun ƙofa

An gina yawancin waɗannan gidaje ne a lokacin da kayan lantarkin ɗaki ba su wuce ƙwan fitila, fanka da rediyo ba. Yau tsofaffin wayoyin nan ne ke ɗaukar firji, dutsen guga, tukunyar dafa ruwa da na'urar sanyaya ɗaki. Waya idan aka yi mata lodi fiye da kima takan yi zafi, robar jikinta ta narke, wuta ta tashi a cikin silin ba tare da kowa ya gani ba.

Abu na biyu shi ne hanyar tsira. A gidan da ɗakuna ke fuskantar juna a kan lungu ɗaya, ko benen da ke da matakala guda, hayaƙi kan toshe mafita cikin 'yan mintuna, kuma shi ne ke kashe mafi yawan mutane kafin harshen wuta ya iso. Idan an haɗa da ƙarafan taga da aka like da walda, da janareta, jarkokin fetur da tukwanen gas da aka jera a lungu, ɗaki ya zama tarko.

Matakai kafin biyan kuɗi

A ɗauki injiniya mai rajista da COREN ya gwada ƙarfin ginshiƙai da dakalin bene, ƙwararren mai aikin lantarki kuma ya binciki wayoyi. A gayyaci Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya ko ta jiha ta duba gidan ta ba da rahoto a rubuce, gami da duba ko motarta za ta iya isa ƙofar gidan. A tambayi hukumar tsara birane ko an taɓa ba gidan takardar gargaɗi ko alamar rushewa.

A kuma lura da inshora, domin tun daga Dokar Inshora ta 2003 gidajen da 'yan haya ke zaune suna cikin gine-ginen da aka wajabta yi wa inshorar gobara da rushewa.

Kuɗin sabunta wayoyi, buɗe mafita ta biyu, sanya na'urorin gano hayaƙi da tukwanen kashe gobara, duk a lissafa su a cire daga farashi. Idan mai sayarwa ya ƙi nuna takardu ko ya hana bincike, ya fi alheri a janye daga cinikin.