Garke da Bashi: Abin da Tarihin Ƙasar Gumel Ke Koyarwa Kan Auna Arzikin Ƙasashe

Duk wanda ya taɓa shiga karar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis ya san cewa yawan shanun da ke gaban mutum ba ya nuna nauyin aljihunsa. Wani falke zai tsaya da bijimai hamsin, amma arba'in daga ciki bashi ya ɗauko su daga hannun makiyaya a ƙetaren iyaka, sai ya sayar zai biya. Wani kuma goma kacal ya kawo, duka nasa. Baƙo zai ce na farko ne attajiri. Dillalin da ya san sirrin kasuwa ya san jarinsu ɗaya ne, kuma idan farashi ya faɗi kafin la'asar, mai hamsin ne zai kwana bai yi barci ba.

Da wannan ido ya kamata a riƙa kwatanta arzikin ƙasashe. Ma'aunin da aka fi ambata, GDP, yana ƙidaya abin da ƙasa ta samar cikin shekara guda, wato kamar cinikin ranar kasuwa. Ba ya faɗin abin da ƙasar ta mallaka, ba ya kuma cire abin da ake bin ta. Tsabar dukiya ita ce abin da ya saura bayan an tara kadarori an fitar da bashi. Wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ke da tsabar kuɗi kuma ana bin sa bashin da ya cinye su, ba shi da wata kadarar da za ta tsaya a madadin bashin, zakkar kuɗin ba ta hau kansa ba. Ke nan tun da daɗewa malamai sun bambanta abin da ke hannun mutum da abin da yake nasa.

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ta ga wannan bambanci tun kafin zuwan bankuna. An kafa ta wajajen 1750, kuma ba da jimawa ba ta koma ƙarƙashin inuwar Barno. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Gumel a 1851, ya tarar da gari mai hada-hadar kasuwanci, musamman ta kanwa. Sai dai ba duk abin da kasuwar ta tara ne ke zama a gida ba. Akwai gaisuwar da ake aika wa Shehun Barno a Kukawa, akwai kuma tsadar yaƙe-yaƙe da Haɗeja da Damagaram. Gaisuwa ba rance ba ce, amma a lissafi aikinsu ɗaya: wani na waje yana da haƙƙi a kan abin da za ka samu gobe.

Zuwan Turawa, waɗanda Gumel ta miƙa wa wuya a 1903, ya kawo sabon salon wannan haƙƙi. Gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa cin bashi a Landan tana shimfiɗa layin dogo, ana biya daga kuɗin shigar ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma a 1930 layin ya kai Nguru, ya bi ta Gagarawa. Manomin gyaɗa na wannan yanki ya ɗauki nasa rabon na nauyin ta hanyar haraji, amma ya sami tashar da ke kwashe amfaninsa zuwa bakin teku. A nan bashi ya haifi kadara, kuma kadarar ta riƙa samar da abin biyansa. Darasin ya cika ne daga baya, sa'ad da cinikin gyaɗa ya durƙushe a shekarun 1970 kuma zirga-zirgar jirgi ta ja baya: kadarar da ba a kula da ita tana narkewa, shi kuwa bashi ba ya tsufa.

A zamanin arzikin man fetur ne lissafin ya karkace. A 1978 Najeriya ta ciwo rancen dala biliyan 1 daga bankunan ƙasashen waje, abin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, biya ya gagara, kuɗin ruwa da tarar jinkiri suka riƙa hawa kan uwar kuɗi. Zuwa 2005, ƙasashen ƙungiyar Paris Club kaɗai suna bin Najeriya kusan dala biliyan 30. A watan Oktoba na shekarar, ƙarƙashin Shugaba Olusegun Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, aka yi yarjejeniyar yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya kimanin biliyan 12 daga rarar kuɗin mai, ta kammala a Afrilun 2006. Ba a ƙara ko kadada ɗaya ta noma ba a ranar, amma tsabar dukiyar ƙasa ta ƙaru, domin an goge wani babban kaso na abin da ake cirewa.

A 2014 aka ga kishiyar haka. Da aka sabunta tsarin ƙididdiga, GDP na Najeriya ya tashi zuwa kusan dala biliyan 510, ta zarce Afirka ta Kudu a kan takarda. Bashin ya ƙara ƙanƙancewa idan aka auna shi da wannan adadi, abin da ya ba da kafar ci gaba da rance. Amma ba da GDP ake biyan bashi ba, da kuɗin shigar gwamnati ake biya, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 hidimar bashi ta cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya.

Akwai kuma tambayar da ɗan canjin Maigatari ya fi kowa fahimta: da wane kuɗi aka ci bashin? Sefa ta Nijar tana ɗaure da yuro, naira kuwa an sake ta a Yunin 2023 ta faɗi warwas. Falken da ya ɗauko shanu bashi da sefa, zai kuma sayar da naira, ya wayi gari nauyinsa ya ƙaru ba tare da ya ƙara ko maraƙi ba. Haka ta faru da ƙasa. Alƙaluman ofishin kula da basussuka na ƙasa sun nuna bashin gwamnatoci ya tashi daga kusan naira tiriliyan 97 a ƙarshen 2023 zuwa fiye da tiriliyan 121 a Maris na 2024, kuma faɗuwar naira na cikin manyan dalilan hakan. Mutanen Nijar sun ɗanɗani irin wannan a Janairun 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi.

Saboda haka girman bashi shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Bashin gwamnatin Japan ya haura ninki biyu na GDP ɗinta, amma mafi yawansa 'yan ƙasar ne ke bin ta da kuɗinsu na yen, kuma abin da Japan ta mallaka a ƙasashen waje ya zarce abin da baƙi suka mallaka a cikinta. Norway ta kafa asusun ajiyar kuɗin mai a 1990, ya haura dala tiriliyan 1 a 2017: ta mayar da dukiyar ƙarƙashin ƙasa ta zama jari mai haihuwa. Ƙasar da ta haƙo mai ta kashe kuɗin a hidimar yau da kullum kamar makiyayi ne da ke sayar da saniya yana kiran kuɗin riba. Garkensa raguwa yake yi, ko da littafin ciniki ya nuna bunƙasa.

Wannan ya shafi Jigawa kai tsaye. A 'yan shekarun nan jihar na cikin mafi ƙarancin bashin cikin gida a Najeriya, kuma abin yabo ne. Amma ƙarancin bashi rabin lissafi ne. Binciken Bankin Duniya kan arzikin ƙasashe ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na dukiyar duniya yana cikin mutane ne, wato iliminsu da lafiyarsu da abin da za su iya samarwa. Yaron Sule Tankarkar da bai iya karatu ba, da gonar da hamada ke ci a arewacin Maigatari, asara ce a ɓangaren kadarori, ko da babu wanda ya rubuta ta a matsayin bashi.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Don haka idan gwamna ko minista ya zo da batun sabon rance, tambayoyin dillali uku sun isa: me za a saya da shi, da wane kuɗi za a biya, kuma abin da aka saya zai rayu har ya biya kansa? Tashar Gagarawa ta amsa tambayoyin nan na tsawon shekaru kafin ta yi shiru. Rancen 1978 da waɗanda suka biyo bayansa kuwa sai da aka kai 2006 kafin a sauke mafi yawan nauyinsu.