Shafin da ke hana jini daskarewa a bututun na'urorin asibiti

A duk lokacin da aka yi wa majiyyaci wankin ƙoda, ko tiyatar zuciya, ko aka ɗora shi a kan na'urar ECMO mai maye gurbin aikin huhu, jininsa yana fita daga jiki ne ya bi ta cikin bututun roba kafin ya dawo. Wannan tafiya tana da haɗari, domin jini yana ɗaukar robar a matsayin baƙon abu. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan furotin na jini, musamman fibrinojin, kan manne a bangon bututun, sai ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filatilet su taru a kai, daga nan gudan jini ya fara haɗuwa. Gudan na iya toshe matatar na'urar, ko ya ɓalle ya koma jiki ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ko ta ƙoda.

Maganin da likitoci suka fi dogaro da shi shi ne hefarin, wanda Jay McLean, ɗalibin likitanci a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ya gano a 1916. Hefarin yana haɗuwa da wani furotin na jini mai suna antitirombin, ya ninka ƙarfinsa kusan sau dubu wajen kashe tirombin, wanda shi ne jagoran daskarewa. Da taimakonsa John Gibbon ya yi nasarar tiyatar zuciya ta farko da na'urar zuciya da huhu a Filadelfiya a 1953. A Nijeriya an yi irin wannan tiyata karon farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Enugu a 1974.

Sai dai allurar hefarin tana tsinka jinin jiki gaba ɗaya, don haka majiyyaci na iya zubar da jini a wurin tiyata, a hanji ko a ƙwaƙwalwa. Wannan ya sa masana suka nemi hanyar kai maganin bangon bututun, inda matsalar take farawa. A 1963 Vincent Gott da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka manna hefarin a jikin roba da taimakon garafait, amma jini yakan wanke irin wannan shafin a hankali. A 1983 Olle Larm da abokan aikinsa a Suwidin suka gano yadda za a ɗaure kowace ƙwayar hefarin ta ƙarshenta guda, ɓangaren da ke aiki kuma ya kasance a sake yana fuskantar jini. Daga wannan aiki aka samar da shafin Carmeda.

Akwai kuma shafin da babu hefarin a cikinsa. Na fosforilkolin yana kwaikwayon fatar jajayen ƙwayoyin jini, yayin da na PMEA, wanda kamfanin Terumo na Jafan ke amfani da shi, yake riƙe siririn ruwa a fuskar roba domin rage mannewar furotin. Irin waɗannan suna da amfani ga masu larurar HIT, inda garkuwar jiki ke yin gaba da hefarin, filatilet su ragu, gudan jini kuma ya ƙaru. Larurar kan bayyana ne tsakanin kwana 5 zuwa 10 da fara maganin, kuma a lokacin ana komawa ga magunguna irin su bibalirudin ko argatiroban.

Shafin yana rage tayar da garkuwar jiki da asarar filatilet, amma bai kawar da buƙatar maganin tsinka jini ba. Jini kan daskare a mahaɗar bututu da wuraren da gudunsa ya ragu, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke auna lokacin daskarewarsa akai-akai, a tiyatar zuciya kuma ana warware ƙarfin hefarin da maganin furotamin bayan an gama. Masu bincike na ci gaba da gwada shafin da ke sakin iskar naitirik oksaid, irin wadda bangon jijiyoyin ɗan Adam ke fitarwa don hana filatilet mannewa.