Tsakanin Ido da Kunne: Sunayen Jamusawa da Mutanen Holan a Bakin Masu Ingilishi

Sunan iyali fuska biyu gare shi, wato yadda ake rubuta shi da yadda ake furta shi. Abin da tarihin ƙaura zuwa Amurka ya nuna shi ne, da wuya baƙo ya tsira da duka biyun. Galibi sai ya saki ɗaya kafin ya riƙe ɗaya.

Mutanen Holan ne suka kafa garin New Amsterdam, wanda Turawan Ingila suka ƙwace a 1664 suka raɗa masa New York. Cikin mazauna garin har da kakan gidan Roosevelt, gidan da ya ba Amurka shugabanni biyu, Theodore (1901–1909) da Franklin (1933–1945). A harshen Holan, "oo" dogon wasalin /o/ ne, amma mai Ingilishi /u/ ya saba karanta shi. Saboda haka masu sunan suna cewa Rozabelt, jama'a da yawa kuwa Ruzabelt. A nan ido ne ya yaudari baki.

Gidan Eisenhower wata hanya suka bi. Kakansu ya sauka Pennsylvania a 1741 da sunan Eisenhauer, wato mai sarar ƙarfe. Tagwan wasalin da Jamusawa ke rubutawa "au" shi Ingilishi ke rubutawa "ow", don haka aka sauya harufa domin furuci ya tsira. A ganina wannan ita ce dabara mafi hikima, ko da yake ta ɓoye asalin kalmar.

Inda magana ta fi tsauri shi ne wurin sautukan da Ingilishi ba shi da su sam. Ɗauki Koch, wanda a Jamusanci yake ƙarewa da zuzau na hanɗa, irin "kh" na Larabci. Ed Koch, magajin garin New York daga 1978 zuwa 1989, da "c" ta Hausa yake rufe sunansa. Attajiran nan 'yan'uwa Charles da David Koch kuwa Kok suke cewa, da dogon wasali. Rubutu ɗaya, furuci biyu, kuma ba wanda ya dace da na asali. Haka wasalin "ö", wanda ake furtawa da harshe a mazaunin /e/ da leɓɓa a kewaye. John Boehner, kakakin majalisar wakilai (2011–2015), ya riƙe mazaunin harshen ya saki kewayen leɓɓan, sai sunan ya zama Bena. Wannan ba kuskure ba ne, gyaran fuska ne irin wanda Bahaushe ya yi wa Lugard ya koma Lugga.

An daɗe ana cewa wai ma'aikatan tsibirin Ellis, wanda aka buɗe a 1892, su suka riƙa sauya wa baƙi sunaye. Masana tarihi sun ƙaryata wannan, domin da takardun jiragen ruwa ma'aikatan ke aiki. Masu sunayen ne ke sauyawa da kansu, wani lokaci don tsoro. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙiyayyar Jamus ta kai har gidan sarautar Ingila ya yar da Saxe-Coburg-Gotha a 1917 ya ɗauki Windsor. A shekarar ce kuma danginsu na Battenberg suka fassara "berg", wato dutse, suka dawo da shi gaba, suka zama Mountbatten.