Kibiyar Azurfa: Tarihin Motar Tsere da Ta Koma Abar Kallo

A ranar 5 ga watan Mayu na shekarar 2022 aka tara wasu attajirai ƙalilan a gidan tarihin kamfanin Mercedes-Benz da ke birnin Stuttgart a ƙasar Jamus, aka yi gwanjon wata tsohuwar mota a asirce. Aka sallama ta a kan Yuro miliyan 135, kuɗin da ba a taɓa biya ba a kan wata mota a wajen gwanjo. Sunanta 300 SLR Uhlenhaut Coupé, an ƙera ta a 1955. Kwana huɗu bayan haka aka sayar da wani hoton Marilyn Monroe na mai zane Andy Warhol a birnin New York a kan Dala miliyan 195. Wato dai mota ta hau sahun da a da sai zane da sassaƙa ke zama. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan mota, domin a ga abin da ya ɗaga darajarta, da kuma abin da aka biya kafin a kai ga kuɗi.

Ɗaukar mota a matsayin aikin fasaha tsohon ra'ayi ne a Turai. Tun a 1909 marubucin Italiya Filippo Marinetti ya fifita kyawun motar tsere a kan wani shahararren gunkin Girkawa da ke gidan tarihin Louvre. A 1951 gidan adana fasahar zamani na New York ya baje kolin motoci takwas kamar yadda yake baje gumaka. Sai dai waɗanda suka ƙera 300 SLR ba su da wannan niyya ko kaɗan. Burinsu su ci tsere.

Mu a nan mun san Marsandi a matsayin motar alhazai da sarakuna, mai tafiyar ƙasaita. Turawa kuwa sun san ta da wata fuska daban. Tun shekarun 1930 suke yi wa motocin tseren Jamus kirari da kibiyoyin azurfa, saboda launinsu da saurinsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antar kamfanin ta zama kufai, kuma komawa fagen tsere a 1952 hanya ce ta shaida wa duniya cewa Jamus ta farfaɗo. Jagoran wannan aiki shi ne injiniya Rudolf Uhlenhaut, haifaffen Landan a 1906, uwarsa Baturiyar Ingila, ubansa Bajamushe. Abin da ya bambanta shi da sauran injiniyoyi shi ne yakan shiga motar da kansa ya gwada ta, da gudun da ya kusa na ƙwararrun direbobi, saboda haka ba ya jiran wani ya faɗa masa inda take ciwo.

Injin da ya sa wa 300 SLR mai silinda takwas ne a jere, mai cin kusan lita 3, da ƙarfin dawaki wajen 300. An kwantar da injin a karkace domin gaban motar ya yi ƙasa, iska ta wuce ba tare da ta tokare ta ba. Ƙashin motar siraran bututun ƙarfe ne da aka harhaɗa, fatarta kuwa wani gauraye ne na magniziyam mai suna Elektron, wanda ya fi alminiyam rashin nauyi. Duk lanƙwasar da masu kallo ke yabawa a yau, lissafin iska da nauyi ne ya haife ta. Mai karatu ya riƙe zancen magniziyam ɗin nan, za mu komo kansa.

Ranar da motar ta yi suna ita ce 1 ga Mayu, 1955, a tseren Mille Miglia na Italiya, wato mil dubu, daga Brescia zuwa Rum a komo, kimanin kilomita 1,600 a kan hanyoyin da jama'a ke bi yau da kullum, ta cikin ƙauyuka da kan duwatsu. Lambar kowace mota ita ce lokacin tashinta. Stirling Moss, saurayi ɗan Ingila mai shekara 25, ya tashi ƙarfe 7:22 na safe, don haka aka rubuta 722 da jan fenti a jikin motarsa. A gefensa akwai ɗan jarida Denis Jenkinson, riƙe da wani ɗan akwati da aka naɗe doguwar takarda a ciki, mai tsawon fiye da mita biyar. Sun shafe watanni suna bin hanyar suna rubuta kowace kwana da kowane tudu. Da yake ƙarar inji ba ta barin a ji magana, sai Jenkinson ya riƙa murza takardar yana yi wa Moss ishara da hannu, shi kuwa ya taka mota ya haye tudun da bai ga bayansa ba, bisa amana kawai. Suka gama cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48, wato kusan kilomita 158 a kowace awa. Juan Manuel Fangio, gwarzon Ajantina, wanda ya yi tafiyar shi kaɗai a irin motar, ya zo na biyu da tazarar kusan rabin awa. Ba a karya wannan tarihi ba har aka soke tseren bayan hatsarin 1957, inda wata Ferrari ta kashe 'yan kallo tara, biyar daga cikinsu yara.

Mako shida bayan nasarar Moss, a ranar 11 ga Yuni, aka shiga tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Ɗaya daga cikin motoci uku na Mercedes tana hannun Bafaranshe Pierre Levegh, mai shekara 49. Mutanen ƙasarsa suna ƙaunarsa, domin a 1952 ya tuƙa kusan awa 23 shi kaɗai yana kan gaba, injinsa ya mutu ana dab da gamawa, Mercedes ta ci. Da yamma, wajen ƙarfe shida da rabi, Mike Hawthorn na Jaguar ya taka birki zai shiga wurin shan mai. Lance Macklin da ke bayansa a cikin Austin-Healey ya kauce, sai ya faɗa gaban Levegh. Motar Levegh ta hau bayan ta Macklin ta tashi sama, ta daki shingen ƙasa ta tarwatse. Inji da murfinsa da ƙafafun gaba suka keta cikin taron jama'a. Gangar jikin ta kama wuta, kuma da yake magniziyam ne, ruwan da masu kashe gobara suka watsa sai ya ƙara hura ta, ta yi ta ci na sa'o'i. Levegh ya mutu nan take, tare da 'yan kallo fiye da 80. Babu wani hatsari a tarihin tseren mota da ya kai wannan muni.

Ba a tsayar da tseren ba. Hujjar masu shirya shi ita ce, in aka sallami dubban mutane lokaci guda za su toshe hanyar motocin asibiti. Cikin dare umarni ya zo daga Stuttgart, aka janye sauran motoci biyun, alhali Fangio da Moss ne ke kan gaba. Hawthorn ya ci. Ƙasar Suwizalan ta haramta tseren zagaye, haramcin da ya shafe fiye da shekara sittin. Mercedes ta kammala kakar da kambun duniya a hannu, sannan ta fice daga tsere, ba ta komo ba sai a ƙarshen shekarun 1980.

A nan ne labarin motar gwanjo ya shigo. Uhlenhaut ya riga ya sa an yi wa biyu daga cikin motocin rufi, da ƙofofi masu ɗagawa sama kamar fikafikai, domin dogayen tsere irin na Meziko da ake kira Carrera Panamericana. Aka soke wancan tsere a 1955, motocin biyu ba su taɓa shiga gasa ba. Uhlenhaut ya mai da ɗaya motar zuwa aiki, abar da ke iya gudun kusan kilomita 290 a awa. A ganina wannan shi ne abin mamakin al'amarin: motar da ta fi kowace tsada ba ta ci kofi ko ɗaya ba. Ta gaji sunan 722, ba ta kuma ɗauki jinin Le Mans ba, ga shi biyu ne kawai a duniya. Masu tallar irin waɗannan motoci sukan cika takardunsu da labarin Moss, su wuce na Levegh da jimla guda, kuma ban ga adalci a cikin haka ba, tun da ƙarfen da ya sa motar ta yi sauƙi da kyau shi ne ya ƙi mutuwa a gaban 'yan kwana-kwana.

Shari'a ma ta sa baki a wannan batu. A 2019 wata kotu a Bologna ta yanke cewa Ferrari 250 GTO, wadda aka ƙera guda 36 tsakanin 1962 da 1964, aikin fasaha ce, ba a yarda wani ya kwaikwayi surarta ba. Ita kam tana da hujja mai ƙarfi, domin maƙeran Sergio Scaglietti a Modena da guduma suka buga fatarta ta alminiyam, har ba a samun biyu da suka yi daidai ta kowace fuska.

Uhlenhaut ya rasu a 1989, Moss a 2020. Kamfanin ya ce kuɗin gwanjon zai tafi ga tallafin karatun matasa masu binciken muhalli, mai sayen kuma, wanda aka sakaya sunansa, ya amince a riƙa nuna motar ga jama'a a wasu lokuta na musamman. 'Yar'uwarta tana nan a gidan tarihin Stuttgart, haka ma mai lamba 722, wadda kamfanin bai taɓa sa ta a kasuwa ba.