Aure a Ƙarshen Labari

Ya ku 'yan makaranta, mu da muka tashi a ƙasar Doguwa da Tudun Wada mun saba da tatsuniyar da kan ƙare da biki. Marainiya ta sha wuya a hannun kishiyar uwa, ɗan sarki ya aure ta, a ce ƙurunƙus, kowa ya kwanta da sanyin rai.

To, da aka soma buga littattafan hira a Zariya bayan gasar 1933, sai Malam John Tafida da Dokta East suka bar wannan turba. Cikin Jiki Magayi Abubakar bai sami Zainabu ba, gama attajiri Malam Shehu ya raba su. Ramuwar gayya kuwa ta faɗa wa ɗanta Kyauta, har ya kashe ubansa. Ba biki, ba guɗa, amma ga shi har yau ba a manta da littafin ba.

A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da mu gidan jiya cikin In Da So Da Ƙauna. Sumayya ta auri Muhammad, amma fa sai da ta faɗa rijiya tukuna. Ku tambayi wanda ya karanta shi, rijiyar zai fara ambata muku kafin bikin.