Yebgeni Pirimakof, Dattijon Siyasar Rasha

An haifi Yebgeni Pirimakof a birnin Kiyef cikin shekara ta 1929, amma a Tibilisi, babban birnin Jojiya, ya girma. Da ya zama saurayi ya tafi Mosko ya shiga makarantar koyon ilmin ƙasashen Gabas, ya fita cikin 1953, bayan ya ƙware da Larabci. Harshen nan shi ya buɗe masa hanya. Jaridar Pravda ta aika da shi Alƙahira ya zama wakilinta, ya yi ta zaga ƙasashen Larabawa, ya san shugabanninsu, su kuma suka san shi.

Saboda wannan sanayya, sa'ad da Iraƙi ta mamaye Kuwait cikin 1990, Shugaba Gorbacof ya tura shi Bagadaza wurin Saddam Husaini, ko a samu sulhu. Sulhu bai yiwu ba, aka yi yaƙi. Cikin 1991 aka ba shi shugabancin hukumar leƙen asirin waje, cikin 1996 kuwa ya zama Ministan Harkokin Waje.

Cikin watan Agusta 1998 Rasha ta shiga wahala ƙwarai. Gwamnati ta kasa biyan bashi, darajar kuɗin ƙasar ta faɗi, bankuna suka ƙi ba mutane ajiyarsu. Shugaba Yeltsin ya kawo sunan Cernomirdin sau biyu don ya zama Firayim Minista, Majalisar Dokoki, watau Duma, ta ƙi shi sau biyu. Da aka kawo sunan Pirimakof sai 'yan majalisa suka yarda, har da 'yan gurguzu, domin sun ga mutum ne mai natsuwa. Ya kama aiki ran 11 ga Satumba, hankalin jama'a ya fara kwanciya.

Abin da aka fi tunawa da shi ya auku cikin watan Maris 1999. Ya tashi cikin jirgin sama za shi Amurka, a kan maganar rance da waɗansu al'amura. Yana bisa Tekun Atalantika sai aka sanar da shi ƙungiyar NATO za ta soma jefa bom a Yugoslabiya. Nan take ya umurci direban jirgi ya juya Mosko. Waɗansu suka ce ya yi wa ƙasarsa hasarar kuɗi lokacin da ta ke bukatarsu, waɗansu suka ce ya tsare mata mutunci.

To, ba a sarki biyu gari ɗaya. Farin jininsa ya yi yawa, Yeltsin ya tuɓe shi ran 12 ga Mayu 1999, watansa takwas kaɗai a kan aiki. Cikin Disamba ya tsaya zaɓe, ya shiga Duma, ya shugabanci 'yan ƙungiyarsa a can. Da fari mutane sun zaci shi zai gaji Yeltsin, amma ƙungiyarsa ta zo ta uku, tauraron Putin kuwa ya riga ya fito. Sai ya janye, bai tsaya takara ba.

Cikin 2001 ya bar shugabancin 'yan ƙungiyarsa a majalisa, ya riƙe shugabancin ƙungiyar ciniki da sana'o'i ta Rasha kusan shekara goma. Ya mutu a Mosko ran 26 ga Yuni 2015, yana da shekara 85.