Yadda Shekarar Malaman Lissafi ta Cika da Gasa da Jarrabawa

A ofishin malaman lissafi na kowace babbar sakandare akwai takardar tsarin shekara manne a bango: ranar tantance 'yan gasa, darasin Asabar na 'yan ajin ƙarshe, jarrabawar gwaji, sannan WAEC da NECO. A kan kabad kuma akan ga kofi ɗaya ko biyu. Wannan jadawali ba rana ɗaya aka zauna aka rubuta shi ba. Kowane layi a cikinsa da zamanin da ya haife shi.

Jarrabawa ce ta fara zuwa. Da aka kafa hukumar WAEC a 1952, sai aikin malamin lissafi ya samu ma'auni guda daga Legas har Sakkwato. Shekara goma bayan nan, a 1962, malamai suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, MAN, wadda mujallarta Abacus ta zama dandalin muhawara kan yadda za a koyar da darasin.

Muhawarar kuwa ta yi zafi, domin a wannan shekarar ce masana daga Amurka da Ingila da ƙasashen Afirka suka fara zama a Entebbe ta Uganda suna rubuta littattafan abin da aka kira lissafin zamani. Yaro ya dawo gida da aikin zana da'irori masu shiga juna da ƙidaya da sifiri da ɗaya kawai, uban da ya haddace jadawalin sau ya duba ya rasa ta inda zai kama. Malamai da yawa ma ba a horar da su ba kafin a miƙa musu littafin. A 1977 kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya soke tsarin. A ganina laifin ba na lissafin ba ne. An ɗora kaya ne kafin a yi gammo. Daga wannan rikici aka koyi cewa manhaja ba ta tafiya sai da malaman da ke zama tare suna tsara darasi, kuma nan ne sashen lissafi ya fara zama sashe na gaske.

A Arewa, shekarar 1977 tana da wani muhimmanci. A cikinta jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, inda sai an ci jarrabawa ake shiga, kuma lissafi ne ƙashin bayan karatun. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun rufe bakin masu cewa ɗan Arewa ba ya jan lissafi. Zancen dama bai da tushe: Iya Abubakar, ɗalibin Kwalejin Barewa, ya shugabanci sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello yana matashi, kuma tun ƙarni na 18 Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hatimin lambobi da har yau masana ke nazari.

Gasa daga baya ta iso. Gasar lissafi ta duniya ta fara a Romaniya a 1959 da ƙasashe bakwai, ta Afirka kuma a Rabat a 1987. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin tarayya ta kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja, wadda ke zaƙulo yaran da za su wakilci Najeriya. Amma abin da ya kai gasa lungu-lungu shi ne madara: a 1998 masu Cowbell suka fara gasar makarantun sakandare, a 2015 kuma ta koma shirin talabijin na Cowbellpedia. Daga nan shugabannin makarantu suka fara tambayar sashen lissafi me ya ciwo bana. NECO ta shigo a 1999 ta ƙara jarrabawa ta biyu, UNESCO kuma ta ware 14 ga Maris ranar lissafi ta duniya, aka fara bikinta a 2020.

Abin da ke damuna shi ne yadda kofi ya danne sauran aikin. Gasa yara uku ko huɗu take shafa, waɗanda akan ware musu malami da littattafai. Kiredit a lissafi kuwa shi ne ya daɗe yana tsare wa dubbai ƙofar jami'a, kuma mai nemo musu shi shi ne malamin da ke tsayawa gaban yara tamanin ranar Asabar da guntun alli, ba tare da an ƙara masa ko sisi ba. Ranar raba kyaututtuka ba kasafai ake kiran sunansa ba, alhali a makarantun karkara da dama shi kaɗai ne sashen lissafin gaba ɗaya, daga aji ɗaya har aji shida.